Karatun Gida ko Makarantar Gwamnati? Tambayoyin da Iyaye Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin iyayen da ke tunanin cire yaro daga makarantar gwamnati su koyar da shi a gida, da kuma waɗanda suka riga suka cire suke tunanin mayarwa. An fara da na tushe, aka gangara zuwa masu sarƙaƙiya. Inda wata amsa ta jingina da wata, an nuna.

1. Me ake nufi da karatun gida? Ɗauko malamin lesin ma yana ciki?

Karatun gida shi ne iyaye su ɗauki nauyin ilimin yaro kacokan, ba tare da sunansa yana cikin rajistar wata makaranta ba. Su ke zaɓen manhaja, su ke tsara lokaci, su ke auna ko ana gaba ko ana baya. Suna iya koyarwa da kansu, suna iya ɗauko malami, suna iya haɗawa da darussan intanet, amma ranar da abu ya lalace babu wani hedimasta da za a je a tuhuma. Yaron da ke zuwa aji da safe, malami ya zo masa da yamma, ɗan makaranta ne da ake ƙara wa ƙarfi kawai.

Abin da ya faru a 2020 ma daban ne. Lokacin da annobar korona ta rufe makarantu a ƙasashe sama da 190, ɗalibai kusan biliyan 1.6 suka zauna a gida, makaranta ce ta biyo yara har ɗaki: malamai ke turo aiki, su ke dubawa. Kada wanda ya ji daɗin waɗancan watanni, ko ya sha wuyarsu, ya ɗauka ya ɗanɗani karatun gida na ainihi.

2. Wannan ba sabon yayi ba ne?

In tarihi za a bi, makarantar dole ce baƙuwa. Masarautar Furusiya, a yankin Jamus ta yau, ta kafa dokar tilasta karatu a 1763 zamanin Sarki Frederick na Biyu. A Amurka jihar Masachusets ce ta fara a 1852, Misisipi ta zo ƙarshe a 1918. Ingila ta wajabta zuwa makaranta a 1880. Kafin nan yawancin yara a gaban iyaye, ko malami guda, ko mai sana'a suke koyo.

Karatun gida irin na yau kuwa ya taso ne a Amurka a shekarun 1970, daga ɓangarori biyu da ba su yi kama da juna ba. John Holt, tsohon malamin makaranta, yana ganin tsoron kuskure da aji ke cusa wa yaro shi ke kashe masa sha'awar sani. A 1977 ya fara buga mujalla domin iyayen da suka cire 'ya'yansu. Raymond Moore da matarsa Dorothy kuma suna kira da kada a gaggauta sa yaro karatun aji kafin ya kai shekara 8 zuwa 10, kuma iyalai masu riƙo da addini ne suka fi karɓar kiransu. Hukumar ƙididdigar ilimi ta Amurka ta ƙiyasta yara 850,000 ne ke karatu a gida a 1999. Zuwa 2016 sun kai kusan miliyan 1.7, wato wajen kashi 3 cikin 100 na ɗalibai. A shekarar korona hukumar ƙidayar ƙasar ta ga gidajen da ke yin haka sun tashi daga kashi 5.4 zuwa kashi 11.1 cikin watanni kaɗan.

3. Doka ta yarda in hana ɗana zuwa makaranta?

Ya danganta da ƙasar da kuke zaune, kuma tazarar da ke tsakanin ƙasashe mai faɗi ce. Asalin gardamar yana cikin sashe na 26 na Kundin Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1948: sashen ya ce ilimin firamare dole ne, sannan ya ce iyaye ne ke da fifikon zaɓar irin ilimin da za a ba 'ya'yansu. Kowace ƙasa da jimlar da ta fi ba nauyi.

A Ingila, sashe na 7 na dokar ilimi ta 1996 ya ɗora wa iyaye tabbatar da cewa yaro yana samun ilimin da ya dace da shi, ta hanyar makaranta ko ta wata hanyar. Ba a neman takardar koyarwa, ba a tilasta bin manhajar ƙasa. A Amurka ya halatta a duk jihohi 50 tun 1993, sai dai sharuɗɗan sun sha bamban: Niyok na neman tsarin karatu a rubuce, da rahoto sau huɗu a shekara, da awon ƙarshen shekara, alhali Tekzas ko sanarwa ba ta nema ga yaron da bai taɓa shiga makaranta ba. Afirka ta Kudu ta halatta shi a dokar makarantu ta 1996 bisa sharaɗin yin rajista da hukumar ilimi ta lardi.

A ɗaya gefen, Jamus ta wajabta wa yaro halartar makaranta da kansa, ana cin tarar iyayen da suka ƙi, kuma Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta mara wa ƙasar baya a 2006 da 2019. Suwidin ta ƙuntata shi sosai tun 2011. Faransa ta sauya doka a 2021, ta yadda daga 2022 sai an nemi izini, kuma da dalili kamar rashin lafiya, nakasa, nisan makaranta ko yawan ƙaura. Kotun ƙolin Birazil ta yanke a 2018 cewa ba za a yi ba sai majalisa ta yi masa doka. Saboda haka ku fara da ofishin ilimi na inda kuke, ku nemi amsa a rubuce, kafin ku sayi ko littafi ɗaya. Dalilin da ya sa gwamnatoci ke matsawa yana tambaya ta 12.

4. Me ke sa iyaye cire 'ya'yansu?

A binciken da hukumar ƙididdigar ilimi ta Amurka ta sha maimaitawa, dalilin da ya fi fitowa shi ne damuwa da yanayin makaranta: tsaro, miyagun ƙwayoyi, mugayen abokai. Sai son ba da tarbiyya da ilimin addini, sai rashin gamsuwa da ingancin koyarwa. Akwai kuma waɗanda larura ta kora: yaro mai ciwon da ke yawan kwantar da shi, iyalin da aiki ke yawo da su, gidan da makaranta ta yi wa nisa.

Yana da kyau ku rubuta naku dalilin a jimla ɗaya. Idan jimlar ta ƙare da sunan malami guda ko aji guda, to sauya aji ko makaranta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

5. Wa ya fi ƙoƙari a karatu, ɗan gida ko ɗan makarantar gwamnati?

Nan ne aka fi cika baki. Za ku ji ana cewa 'yan gida sun fi cin maki da tazara mai yawa. Matsalar ita ce yawancin binciken da ake kafa hujja da su a kan iyalan da suka kawo kansu aka yi su, kuma wanda ɗansa ke fama ba ya rige-rigen kai shi a auna. Galibin waɗannan iyalai iyaye biyu ne masu ilimi da abin hannu, irin waɗanda ko makaranta suka kai yaro zai yi fice. Robert Kunzman da Milton Gaither, da suka tattara nazarce-nazarcen wannan fanni a 2013, sun yi wannan gargaɗi, sun kuma nuna wani abu da ke yawan bayyana: 'yan gida kan yi kyau a karatu da harshe, su ɗan ja baya a lissafi. Ba abin mamaki ba ne. Uwa na iya karanta wa yaro labari kullum, amma aljebra sai wanda ya iya.

Wani ƙaramin bincike da Sandra Martin-Chang da abokan aikinta suka buga a Kanada a 2011 ya fi ba da haske. Sun gwada yara 37 na gida da 37 na makarantar gwamnati, masu shekara 5 zuwa 10. 'Yan gidan da ake koya wa da tsari da jadawali sun wuce 'yan makaranta, waɗanda aka sakar wa mara ba manhaja kuwa sun zo a baya. Yara 74 sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu, amma sun nuna inda bambancin yake, wato a tsarin da ake bi a cikin gidan.

Makarantar gwamnati ma kada a ɗauka shiga cikinta kaɗai ya isa. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta, kuma mafi yawansu suna zuwa makaranta. Gwadawar da za ta amfane ku ita ce tsakanin makarantar da za ku iya kai yaronku gobe da safe, da abin da gidanku zai iya yi kullum har shekara ta zagayo.

6. Ban yi karatun koyarwa ba. Zan iya?

A shekarun farko, mai haƙuri da ya iya karatu da lissafi zai iya, in ya sami manhaja mai kyau ya bi ta daki-daki. Ƙarfin gida shi ne malami ɗaya, ɗalibi ɗaya. A 1984 Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago ya ba da rahoton cewa ɗaliban da aka koya wa ɗaya bayan ɗaya, ba a wuce darasi sai sun ƙware, matsakaicinsu ya fi kusan kashi 98 cikin 100 na 'yan aji. Binciken da suka biyo baya ba su sami tazara mai girman haka ba, amma ribar tana nan. Malamin da ke gaban yara masu yawa ba zai tsaya wa ɗaya ba. Ku za ku iya.

Daga shekara 12 zuwa sama labari ke sauyawa. Kimiyyar sinadarai na son ɗakin gwaje-gwaje, baƙon harshe na son mai jin sa, lissafi ya yi zurfi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: a nan iyalai ke ɗauko malamai, ko su haɗu gida biyar ko shida kowa ya koyar da abin da ya iya, ko su jingina da darussan intanet irin na Khan Academy, wanda kyauta ne. Akwai kuma wahalar da ba a cika faɗa ba, ta zama uwa da malama a jiki ɗaya. Faɗan da aka yi a kan jadawalin sau da safe yakan biyo ku har dare.

7. Awa nawa ake yi a rana?

Ƙasa da na makaranta. Shekarar karatu kwana 190 ce a Ingila, kusan 180 a yawancin jihohin Amurka, amma wani kaso na kowace rana yana tafiya a taron safe, kiran suna, sauya aji da tsawatarwa. Ƙaramin yaro a gida kan gama aikin zaune cikin awa biyu ko ƙasa da haka, matashi kuma ya kai huɗu ko biyar. Abin da ke kayar da mutane shi ne ɗorewa. Baƙo ya zo, an ɗage. Jariri bai yi barci ba, an ɗage. Kafin a ankara wata ya wuce ba a buɗe littafin lissafi ba. A makaranta kuwa, ko malami ya gaji, ƙararrawa za ta kaɗa.

8. Yaron ba zai tashi bai iya zama da mutane ba?

Wannan ce tambayar da masu karatun gida suka gaji da ji, amma tana da tushe. Yaron da ke da 'yan'uwa, maƙwabta, ƙungiyar wasa da wurin ibada ba ya rasa abokai, kuma sau da yawa ya fi sakin jiki da manya. Wanda ake jin tsoro a kansa shi ne yaro tilo a gidan da ƙofa ke rufe.

Sai dai akwai abin da makarantar gwamnati ke bayarwa wanda da wuya gida ya kwaikwaya: zama dole da wanda ba ku zaɓa ba. Ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, mai addininku da wanda ba naku ba, malamin da jininku bai haɗu ba amma dole a yi masa aiki. Abokan da iyaye ke tara wa ɗan gida galibi irinsu ne. Kotun da ta goyi bayan Jamus, kamar yadda aka ambata a tambaya ta 3, a kan wannan hujjar ta tsaya. Idan kun zaɓi gida, cuɗanya ta zama darasi mai ranarsa a jadawali, domin ba za ta zo da kanta ba.

9. Wanne ya fi araha?

Makarantar gwamnati, kusan a ko'ina. Harajin jama'a ya riga ya biya malami da gini. A gida littattafai, kayan gwaji, intanet, malaman waje da kuɗin jarrabawa duk a wuyanku suke; a Ingila, alal misali, wanda ya cire ɗansa shi ke biyan kuɗin jarrabawar kammala sakandare. Babban tsadar kuma ba ta fitowa a rasit: mutum ɗaya baligi zai bar aiki ko ya rage, shekara da shekaru, kuma yawanci uwa ce. Ku zauna ku biyu ku lissafa wannan, a tabbatar ita ma ta yarda da zuciya ɗaya.

10. Ina zai sami takardar shaida? Jami'a za ta karɓe shi?

Jami'a ba ta karɓar "mahaifiyarsa ta ce yana da ƙoƙari". Tana son sakamakon jarrabawar da wata hukuma ta shirya. Hukumomi da dama suna barin ɗalibi ya zauna a matsayin mai zaman kansa, ta wata cibiya da aka amince da ita. Jarrabawar sakandare ta IGCSE da A Level, da hukumar Cambridge ta Ingila ke shiryawa, na cikinsu. A Amurka ana amfani da jarrabawar shiga jami'a ta SAT ko ACT tare da bayanin darussan da yaro ya yi, wasu kuma su ɗauki GED a madadin takardar sakandare, kuma manyan jami'o'in ƙasar suna karɓar 'yan gida.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yaro na shekara 12 ko 13 ku san jarrabawar da zai zauna, ku samo manhajarta, ku nemi cibiyar da za ta yi masa rajista. Darussan da ke da gwajin aiki da hannu, kamar kimiyya, ba kowace cibiya ke karɓar ɗan waje a kansu ba.

11. Yarona yana da buƙata ta musamman, ko ana cin zalinsa a makaranta. Gida ya fi?

Cin zali ba ƙaramin abu ba ne: rahoton UNESCO na 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku an ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a watan da ya gabaci tambayarsa. Yaron da ke kuka kowace safiya, ko cikinsa ke ciwo ranar makaranta kaɗai, ba ya koyon komai a wannan hali. Ku fara kai ƙara a rubuce, ku ba makaranta wa'adi. In ba ta motsa ba, cire shi na wani lokaci ya sami nutsuwa ba gazawa ba ce.

Mai buƙata ta musamman kuwa, ku auna abin da za ku rasa. A wasu ƙasashe makarantar gwamnati ce ƙofar samun ƙwararru kyauta. Amurka ta wajabta wa makarantunta hakan tun dokar 1975. Inda ake da irin wannan tanadi, cire yaro na iya yanke shi daga mai koya masa magana ko mai gwada ƙwaƙwalwarsa. Inda babu, kuma aji ya cika maƙil, mai yiwuwa gida ne kaɗai wurin da za a bi shi a sannu. Ku duba tambaya ta 14 kafin ku yanke.

12. 'Ya'yana ne. Me ya kawo gwamnati ciki?

Mafi yawan masu koyarwa a gida mutanen kirki ne da suka sadaukar da lokacinsu. Amma dokar da ta ba su dama ita ce kuma ke ba azzalumi mafaka. Malaman makaranta na cikin waɗanda suka fi gano yaron da ake duka ko ake bari da yunwa, shi ya sa da aka rufe makarantu a 2020 rahotannin cin zarafin yara suka ragu a Amurka: idon da ke gani ne ya kau. Akwai kuma yaron da ba a taɓa shi ba, amma ya kai shekara 15 bai iya raba lamba ba, kuma babu wanda ya tambaya.

A ganina, rajista da awo sau ɗaya a shekara ba su rage wa mai gaskiya komai ba. Ilimin na yaron ne, shi zai rayu da shi bayan iyaye sun tsufa.

13. Ta yaya zan san yana ci gaba?

So hana ganin laifi. Uwa ta san abin da ɗanta yake nufi ko bai faɗa daidai ba, sai ta ba shi maki. Saboda haka ku sa wani daga waje ya auna shi aƙalla sau ɗaya a shekara: malamin da ba ya jin nauyinku, ko tsofaffin takardun jarrabawa na ajinsu, a yi su da agogo ba taimako. Jihar Pensilbaniya ta mayar da irin wannan doka: iyaye su tara ayyukan yaro, wani mai awo ya duba a ƙarshen shekara. Ko ba a tilasta muku ba, ku ajiye fayil mai kwanan wata.

Idan yaro ya kai shekara 7 ko 8 karatu ya ƙi kama shi, kada a ce "zai yi in ya girma". A gwada idonsa da kunnensa, a kai shi wurin wanda ya san matsalar rikita haruffa. Wannan awon ya shafi ɗan makarantar gwamnati ma. Ku ba shi shafi ya karanta muku da ƙarfi, sannan ku tambaye shi abin da ya fahimta. Katin sakamako ba ya faɗin komai da komai.

14. Babu tsaka-tsaki?

Akwai, kuma ga yawancin iyalai shi na fi ba da shawara. Yaro ya je makarantar gwamnati, ku kuma ku riƙe rabin awa kowace yamma na karatu da lissafi, ku san malaminsa, ku halarci taron iyaye da malamai. Wannan na kawo kaso mai tsoka na ribar da aka bayyana a tambaya ta 6 ba tare da kowa ya bar aiki ba. A Ingila akwai tsarin raba mako, wasu kwanaki a aji wasu a gida, idan shugaban makaranta ya amince. Wasu jihohin Amurka na barin ɗan gida ya shigo darasi ɗaya ko wasanni kawai. Kuma ba dole ne duk yaran gida su bi hanya ɗaya ba.

15. Idan muka fara muka ga ba za mu iya ba, za a karɓe shi a makaranta?

Za a karɓa, kuma iyalai da yawa shekara ɗaya ko biyu suke yi su koma. Sai dai gurbinsa na da ba lallai ya jira shi ba, kuma makaranta na iya yi masa gwaji kafin ta zaɓa masa aji. A nan fayil ɗin tambaya ta 13 zai yi muku rana. Komawa a firamare ko farkon sakandare ba ta da wuya. Wadda ke ba da ciwon kai ita ce ta shekaru biyun ƙarshe, lokacin da 'yan aji suka yi nisa a manhajar jarrabawa, wasu makin ma an riga an fara tara su. In da hali, ku daidaita komawar da farkon shekarar karatu, ku karɓo littattafan ajin tun ana hutu, ku kuma gaya wa malamin inda yaron ya yi ƙarfi da inda kuka bar giɓi.